Igwar da Yaya Ta Sayo

Ranar da Yaya ta ajiye aiki, abokan aikinta na ɗakin gwaje-gwajen asibiti suka tambaye ta me za ta yi da kanta yanzu. Ta ce musu ta gaji da leƙen ƙwayoyin cuta a ɗigon jini, saura ta leƙa sama. Suka kwashe da dariya, a zatonsu wasa take. Mijinta ne kaɗai bai yi dariya ba, don shi ya san halin kayansa.

Ita ce babba a gidansu. Ƙannenta suka fara kiranta Yaya, sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta wurin aiki, har mijin da ya aure ta bai ga dalilin canzawa ba. Shi kuma tsohon malamin wasanni ne, ya daɗe yana hura usur a filin ƙwallo, shi ya sa kowa Rafali yake ce masa. 'Ya'yansu sun girma sun watse, gidan ya rage daga shi sai ita. Ƙaramin bene ne mai rufin siminti, a saman akwai tankin ruwa da igiyar shanya. Can Yaya take hawa idan rana ta faɗi, da wani tsohon tabarau mai hangen nesa wanda fentinsa ya koɗe, ta jingina da tanki tana kallon wata har wuyanta ya sage.

A wani zauren masu sha'awar taurari da take ciki a waya ta ga sanarwar. Wani dattijo, tsohon safiyo mai awon filaye, zai rabu da babban madubinsa na hangen taurari. A ƙarshen sanarwar an rubuta cewa ba duk wanda ya zo za a sayar wa ba.

Suka tafi su uku, ita da Rafali da ƙaninta Auta, wanda yake da motar ɗaukar kaya. Baba Safiyo ya tarbe su a ƙofa yana dogara sanda, dogo ne siriri, gwiwoyinsa sun ƙi shi amma bakinsa garau. Ya kai su wani ɗaki a bayan gida, ya sa Auta ya yaye tamfol.

Auta ya ja da baya. "Yaya, wannan ai igwa ce! Wa za mu harba?"

Farin bututu ne, tsawonsa ya fi mutum, faɗinsa kuwa sai ka ware hannu biyu kafin ka rungume shi. A gefe ga kan ƙarfen da yake hawa, mai haƙora kamar na cikin agogo, ga wasu dunƙulallun ƙarafa na daidaita nauyi. Rafali ya gwada ɗaga ɗaya, ya mayar da shi a hankali, ya dafa ƙugunsa.

Baba Safiyo bai kula su ba. Yaya ya zaunar, ya shiga yi mata tambayoyi kamar mai ɗaukar ma'aikaci. Ina za ta ajiye shi? Ruwan sama yana taruwa a wurin? Akwai fitilar titi kusa? Da ta gaya masa aikin da ta yi, sai fuskarsa ta saki.

"To, kin san darajar gilashi ke nan. Wancan makon wani ya zo, tambayarsa ta farko ita ce ko za a iya hango cikin gidajen mutane da shi. Na raka shi ƙofa."

Daga nan ya sa aka ciro wani akwatin katako daga ƙarƙashin gado. A ciki, nannaɗe da farin ƙyalle, ga madubin kansa. Faɗinsa kamar tire na shayi, kaurinsa ya kai tafin hannu, fuskarsa ta ɗan lotsa ciki. Yaya ta sunkuya ta ga fuskarta ta kumbura ta cika shi.

"Bututun nan gwangwani ne kawai, 'yata," in ji tsohon. "Wannan shi ne ran abin. Shi yake tattara hasken ya tura wa ƙaramin madubi a sama, shi kuma ya miƙo wa idonki. Kada ki taɓa fuskarsa da yatsa. Kada ki goge shi ko kin ga ƙura. Kada ki kuskura ki juya shi wajen rana, idon mutum zai ƙone kafin ya ƙifta. Kuma a cinyarki zai tafi gida, ba a bayan mota ba."

Da aka gama magana aka loda kaya, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin yana kallon inda bututun ya bar shaida a ƙasa. Ya ce rabonsa da hawa sama da shi tun kafin gwiwoyin su tsananta, kuma abu irin wannan bai kamata ya tsufa a ƙarƙashin tamfol ba.

An shimfiɗa tsohuwar katifa a bayan motar, aka kwantar da bututun aka ɗaure. Rafali ya zauna kusa da shi yana riƙe da igiya. Yaya tana gaba, akwatin a cinyarta, ta rungume shi da hannu biyu.

"Auta, a hankali."

"Yaya, mai keke fa yanzu ya wuce mu."

"Ya wuce. Allah ya kai shi lafiya."

Sun kusa gida, Auta ya juya yana ba ta labarin wani fasinja, bai ga tudun nan da ake yi a titi don rage gudu ba. Motar ta yi tsalle ta dira. A cikin motar wani abu ya ce ƙwas, sai kuma ƙarar ɓaraguzan gilashi.

Auta ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya riƙe sitiyari yana kallon gaba kamar wanda aka ce kada ya motsa. Rafali ya diro ya zagayo ya leƙo ta taga. Yaya ta kasa buɗe akwatin. Shi ya zare sakatar, ya ɗaga murfin, ya janye ƙyallen da yatsa biyu. Madubin yana nan lafiya lau, sararin sama kwance a cikinsa.

"To me ya fashe?" in ji Auta da wata siririyar murya.

Yaya ta duba ƙafarta, ta ga ruwan shayi yana bin takalminta. Fulas ɗin Rafali ne ya faɗo daga kan kujera. Rafali ya ɗauke shi ya girgiza, ya ji cikinsa yana ƙara kamar tsakuwa.

"Fulas ɗina," ya ce. "Wanda ɗalibaina suka ba ni."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Auta, ya tayar da mota. Sauran hanyar kuwa ko mai tafiya a ƙasa ya fi su sauri.

Shigar da bututun sama ya zama wani aikin. Matakalar gidan tana da kwana a tsakiya, suka gwada ta kai, suka gwada ta gindi, suka karkata shi, ya ƙi. Sai da suka ɓare fentin bango sannan suka haƙura. Rafali ya ce a bar masa. Ya nannaɗe bututun da barguna, ya aro igiya mai kauri, ya tara maƙwabta maza, wasu a sama suna ja, wasu a ƙasa suna riƙe da wata igiyar don kada ya bugi bango. Shi kuma ya tsaya tsakiyar titi da usur a baki. Busa ɗaya a ja, busa biyu a tsaya. Mutanen layin suka fito ƙofar gida suna kallo, wata maƙwabciya ta leƙo ta taga tana tambaya ko sabon tankin ruwa ne. Yaya ba ta iya kallo ba. Ta shige kicin ta rufe ƙofa, tana jin usur ɗin, tana wanke kofin da ta riga ta wanke. Sai da ta ji tafi da sowa sannan ta fito.

Kwanakin da suka biyo baya na mai walda ne. Ya kafa ginshiƙin ƙarfe a kusurwar da ta fi nisa da fitilar titi, ya huda simintin ya ɗaure shi da manyan notuna, ya bi ramukan da kwalta don kada ruwa ya zubo musu a ɗaki. Aka ɗora kan ƙarfen, Yaya ta juya shi ya fuskanci arewa kamar yadda Baba Safiyo ya nuna mata. Aka ɗora bututun, aka yi ta matsar da ƙarafan nauyi gaba da baya har abin ya daidaita. Wannan ƙaton da ya gagari maza ɗauka, sai ga shi tana tura shi da yatsa ɗaya yana bi.

Sa madubin kuwa ba ta yarda kowa ya taimaka ba. Ta wanke hannu, ta sa safar hannu irin ta wurin aiki, ta zaunar da shi a mazauninsa na gindin bututun. Akwai 'yan maƙalai uku da suke riƙe bakinsa. Ta tuna tsallen da mota ta yi, ta tuna ƙarar nan, sai ta ɗauki sukundireba ta ɗaure su tamau, ta sake bi ta ƙara ɗaurewa. Ko girgizar ƙasa aka yi, madubin nan ba zai motsa ba.

Da magariba ta wuce, wata ya kai rabi yana tsaye a sama, ta hau ita kaɗai. Ta ce wa Rafali ya ba ta ɗan lokaci tukuna. Ta cire murfi, ta juya bututun, ta sa ido a ɗan gilashin leƙawa.

Haske ya cika mata ido, amma watan ya ƙi fitowa sosai. Ramukansa suna nan, sai dai kamar ana kallonsu ta gilashin da aka shafa wa mai. Ta murɗa abin saitawa gaba, ta murɗa baya. Ya kusa fitowa sai ya sake narkewa. Ta juya kan wani tauraro mai haske. Maimakon ɗigo, sai ta ga wani abu mai ƙahoni, hasken yana tsiyaya ta gefe. Ta canza gilashin leƙawa. Ta canza ido. Ta cire tabaraun da ke idonta, ta goge, ta mayar. Duk ɗaya.

A nan ne gabanta ya faɗi, kuma ba don madubin ba.

Mahaifiyarta da makanta ta rasu. Hawan jinin ido ne ya cinye ganinta a hankali, ba ciwo ba komai. Abin da ta fara cewa shi ne fitilu sun yi gashi. Yaya ce ta riƙa yi mata jagora zuwa banɗaki a shekarunta na ƙarshe, ita take gaya mata launin zanen da aka ɗaura mata. Kuma a 'yan watannin nan ita ma Yaya ta lura fitilun motoci suna yi mata wani kewaye idan dare ya yi, zare kuma yana ba ta wahala a allura. Ta ce gajiya ce. Ta yi shekaru tana wucewa ta ƙofar sashen ido kullum safiya, tana gaisawa da ma'aikatansa, ba ta taɓa zama a kujerarsu ba. Madubin da mai shi ya rantse da kyansa, wanda ta gani da idonta babu ko ƙwarzane, ba shi zai yi ƙarya ba. Saura idon.

Rafali ya ɗago kai daga matakala. "A zo a gani?"

"Ban gama saitawa ba." Ta mayar da murfin da sauri.

"Ko leƙe ɗaya? Ni fa na hura usur."

"Na ce ban gama ba."

Ya dube ta, ya koma ƙasa.

Ta sake gwadawa washegari, da wanda ya biyo baya. Daga nan ta ja tamfol ta rufe abin, ta daina hawa sama sam, ko shanya sai ta yi a tsakar gida. Maƙwabtan da suka ja igiya suna tambaya yaushe za a nuna musu wata, tana cewa sai an gama gyara. Auta ya bugo waya yana tsokana, wai ko igwar ta ƙi tashi ne a kawo makaniki, ta kashe wayar. Da rana sai ta tsaya a taga ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta karanta allon shagon da ke tsallaken titi, ta sake rufe ɗayan. Wani lokaci ta ga daidai, wani lokaci ta ga kamar ba daidai ba. Ta fara lura da inda komai yake a kicin, gishiri a nan, ashana a can, tana ɗauka ba tare da ta duba ba, don ta ji ko za ta iya. Abinci ya daina shiga. Rafali ya tambaye ta sau da yawa, tana cewa babu komai.

Wata yamma ta dawo daga gaisar da wata ƙawarta da aka sallamo daga asibiti, ta tarar gidan shiru, takalman Rafali a gindin matakala. Ta hau. Duhu ya fara, taurarin farko sun fito. Ga tamfol a ƙasa, ga Rafali ya tanƙware, ido ɗaya a manne da gilashin, ɗayan ya matse shi da yatsa.

"Wa ya ce ka taɓa?"

Ya miƙe a hankali, bai ko ji kunya ba. Fuskarsa ce ta ba ta mamaki, tausayi ne a cikinta.

"Yaya, zauna. Na gane abin da yake damunki." Ya jawo mata kujera. "Tsohon nan ya cuce mu. Kin gani tun ranar farko, kunya ta hana ki faɗa. To ba komai, ba ke aka fara cuta ba. Abin nan bai da lafiya. Tsohon tabaraunki na hangen nesa ma ya fi shi."

Ta tsaya da jakarta a hannu. "Me ka gani?"

"Me kuwa zan gani? Tauraro kamar an taka gizo-gizo. Ƙafa nan, ƙafa can."

"Ƙahoni uku?"

"Uku, ɗaya ya fi tsawo."

"Hasken yana zuba ta gefe?"

"Kamar kwai ya fashe a kasko."

"Sake dubawa. Da ɗaya idon."

Ya sake sunkuyawa. "Haka dai. Ni da nake hango ƙwallo ta fita layi daga tsakiyar fili, ba za a ce idona ba ne."

Jakar ta zame daga hannunta. Ta zauna, ba a kujerar ba, a kan simintin, ta fara dariya. Dariyar ta yi ta ƙaruwa har ta koma kuka, ta kama ƙafar wandonsa ta riƙe. Rafali ya tsuguna a gabanta a rikice.

"Ikon Allah. Ni dai ban taɓa ganin wanda aka cuta yana murna ba."

Sai da ta samu numfashi sannan ta gaya masa komai, fitilun motoci, allura, allon shagon tsallaken titi, gishiri da ashana. Ya saurare ta har ƙarshe. Da ta gama sai ya ɗago ya dube ta.

"Kwana da kwanaki kina ɗauke da wannan, ina gefenki ina cin abinci?"

"Ban so in faɗa ba. Gani nake idan na faɗa ya tabbata."

"Da ni aka yi jinyar Inna, Yaya. Ni nake ɗaukar ta in sa a mota. Kina ganin ke zan kasa?" Ya share fuskarsa da hannu. "To ji nan. Madubi dai ya wanke ki yau. Amma fitilun motocin nan ba madubi ba ne. Za mu je a duba."

"Za mu je."

"Ba za mu je ta baki ba. Jibi."

Ta gyaɗa kai. Abin mamaki, yanzu da aka ambaci zuwan a fili, sai ta ji bai kai girman da yake da shi a cikinta ba.

Da safe ta buga wa Baba Safiyo waya. Ta fara kewaye-kewaye don kada ya ji kamar tana zarginsa, ya katse ta.

"Tauraron, yaya kamanninsa?"

Ta kwatanta masa.

"Wa ya sa madubin a mazauninsa?"

"Ni ce, Baba."

"Kin ɗaure maƙalan?"

"Sosai ma. Ko motsi ba ya yi."

Ta ji yana dariya har da tari. "Kin shaƙe shi, 'yata! Gilashi ne, amma yana lanƙwasa, kaɗan ɗin da ido ba ya gani ya isa ya ɓata komai. Laifina ne, na gaya miki kada ki taɓa, kada ki goge, na manta ban ce kada ki matse ba. Turo yaron nan mai mota ya ɗauko ni."

Auta, wanda furfura ta fara fito masa a gemu, ya ji an ce da shi yaro, ya ce lallai tsohon nan ya ci a je a ɗauko shi.

Da la'asar suka iso. Baba Safiyo ya tsaya a gindin matakala ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce shi a nan zai zauna, ya riƙa faɗa ana isarwa. Aka gwada hakan. Yana faɗa wa Auta, Auta yana ɗaga murya ya faɗa wa Rafali a tsakiyar matakala, Rafali ya isar wa Yaya. Kafin magana ta kai sama ta canza kama. Tsohon ya ce a sassauta kaɗan, abin da ya isa kunnen Yaya shi ne a kwance duka.

"Kai, wannan ba aiki ba ne," in ji Rafali. Ya sauko, ya dubi kujerar robar da tsohon yake kai, ya dubi Auta. "Kama can."

"Ku ajiye ni! Ni kaya ne?"

"Baba, igwar ma mun hau da ita, balle kai," in ji Auta. "Kai ko igiya ba ka buƙata."

Suka hau da shi yana riƙe da sandarsa a ƙirji, yana yi musu faɗa a kowane taku. Da aka dire shi a sama sai ya bar faɗan. Ya dubi ginshiƙin, ya miƙa sanda ya ƙwanƙwasa shi, ya saurari ƙarar, ya ce mai waldan ya iya aikinsa.

Ya sa Yaya ta sassauta maƙalan ɗaya bayan ɗaya, har sai da 'yar takarda ta iya shigewa tsakanin kowanne da gilashin.

"Ba riƙe shi za su yi ba," ya ce. "Tsare shi kawai za su yi kada ya faɗo. Bar shi ya zauna da nauyinsa."

"Ba zai zame ba, Baba?"

"Shekarunsa nawa a hannuna bai zame ba."

Sannan ya koya mata daidaita madubin biyu su kalli juna. Tana leƙawa ta wani ɗan murfi mai huda a tsakiya, Rafali yana gindin bututun yana murɗa notunan da aka nuna masa, tana cewa ƙara, ƙara, ya yi yawa, koma. Suka yi ta yi har rana ta faɗi. Auta ya sauka ya haɗo shayi ya kawo a kofuna, tunda fulas ya riga mu gidan gaskiya.

Da sama ta yi duhu daidai, tsohon ya nuna wani tauraro mai ɗan rawaya da bakin sandarsa, can sama da tankin ruwa. Ya ce ta juya can. Ta juya, ta sa ido, ta murɗa abin saitawa a hankali.

Hasken ya tattaru, ya tattaru, sai ya tsaya cak. Wani ɗan ƙwallo ne mai ruwan zuma, da zobe kewaye da shi, a karkace, bakinsa fes kamar an yanka da reza. Har baƙin sararin da ke tsakanin zoben da ƙwallon tana gani. A gefe ga wani ɗan ɗigo ƙarami kamar kan allura, ba ƙaho, ba gashi.

"Zuhal ke nan," in ji Baba Safiyo. "Kin ga ɗan ɗigon da ke gefensa?"

"Na gani."

"Watansa ne. Ba kowane ido yake kama shi da wuri haka ba."

Ba ta ɗago ba. Rafali ya dafa kafaɗarta ya bar hannun a wurin. Da ƙyar ta matsa ta ba shi. Ya leƙa ya ɗago, ya zagaya gaban bututun ya duba ciki, wai ko an manna hoto ne. Auta ya leƙa ya ce shi dai a bar shi da tuƙi, abin nan ya fi ƙarfin kansa. Daga ƙarshe suka matsa da kujerar tsohon, suka sauko masa da gilashin daidai fuskarsa. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya sa ido. Ya daɗe sosai. Babu wanda ya ce masa lokaci ya yi, har shayinsa ya huce.

Ranar da aka sa, Rafali ya riga ta shiryawa. A sashen ido ma'aikatan suka yi ta murnar ganinta, suna cewa yau Yaya da kanta a kujerarmu. Aka sa ta karanta haruffa, aka ɗiga mata magani, aka auna, aka haska cikin idon. Likitar, wata matashiya da Yaya ta sani tun tana ɗaliba, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"Anti, tabaraunki ya tsufa, shi ne yawancin abin da kike gani. Za mu canza. Idon hagu kuma awonsa ya ɗan hau, kaɗan. Jijiyar lafiyarta ƙalau, babu abin da ya taɓa ta. Da irin tarihin gidanku, gara da kika zo yanzu. Maganin ɗigawa ne kullum, sai kuma ki riƙa zuwa muna dubawa."

"Ba irin na Inna ba ne?"

"Ita ba a gano nata ba sai da ya gama ɓarna. Ke kin zo tun bai fara ba. In kin riƙe maganin, ina sa ran za ki tsufa da idonki."

Rafali ya saki wani dogon numfashi har takardun kan tebur suka motsa. Ya tambayi likitar sunan maganin, ya sa ta maimaita, ya ce shi zai riƙa ɗigawa da hannunsa don ya san halin ma'aikatan asibiti da shan magani.

Da suka fito, maganin da aka ɗiga mata ya buɗe ƙwayar idon, hasken rana ya yi mata yawa, komai ya zama fari fat. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kare fuska da hannu. Rafali ya cire hularsa mai baki ya kifa mata a kan ɗankwali, ya kama hannunta, suka ratsa wurin ajiye motoci a hankali, yana gaya mata inda kwata take. Wani mai gadi da ya santa ya gaishe ta, ya ce hular ta yi mata kyau.

A mota ta jingina kai da kujera ta rufe ido. Rafali yana ba ta labarin yadda zai tsara maƙwabta layi idan za a nuna musu wata, yara a gaba, dogaye a baya, kowa leƙe ɗaya ya ba na bayansa. Bai kai ƙarshen tsarin ba ya juya ya ga ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe, hular ta zamo ta rufe mata hanci. Ya rage rediyo, ya bi doguwar hanya wadda ba ta da ramuka.